Jajayen 'Yan Tsakin Raliya

Ni mutum ne da ba ya son a gaya masa yadda zai yi abu, balle a cikin gidansa. Shi ya sa da shirwa ta fara ɗauke mana 'yan tsaki a ranin shekarar da aka canja kuɗi, na ce wa matata Raliya ta bar mini komai a hannuna.

Kazar da ta ƙyanƙyashe su ba wata kyakkyawa ba ce. Tsohuwa ce mai gashi a birkice, sai ka ce an fito da ita daga turmi. Amma ita kaɗai ta rage daga irin kajin Inna, mahaifiyar Raliya, wadda ta rasu da damina. Kazar ta tsufa tukuf, kowa ya san wannan kwancin ne na ƙarshe. Bakwai ta ƙyanƙyashe. In suka ƙare, irin ya ƙare.

Tun da aka sare itatuwan gefen ƙauyenmu aka ja hanyar ruwa, shirwa ta sami sarari. Daga sama har ƙwayar gero tana hangowa. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigata, ta sauka a kansa ta huta. Na rataya kwalabe a igiya, ta bi ta tsakaninsu ta ɗauki guda. Na aro bindigar toka wajen Jaji maharbi, na harba, na huda wa maƙwabcina rufin rumbu. Kafin sati ya zagayo saura uku.

Raliya ta gwada kulle su a akurki, suka fara langaɓewa, domin tsako ba ya yi sai da rana da tono.

Lokacin tumatir ya yi arha a ƙauyenmu Kadawa har ana zubarwa, kowane gida sai yanka ake ana shanyawa. Bayan ɗakinmu ja wur. Da hantsi na dawo daga ban ruwa na tarar da Raliya tsugune da kwanon jar garura, tana shafa wa 'yan tsakin da tsumma.

"Me zan gani haka? Kowa a garin nan ya rina nasa, ai shirwar ta gane dabarar."

"Ta gane ja a kan farar ƙasa, Malam," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba ta san ja a cikin ja ba."

Ta ɗaure uwar a ƙarƙashin rumfa, ta watsa ɓarzajjen gero a tsakiyar shanyar, ta sake su. Na ce za su ɓata mana tumatir. Ta ce su ɓata.

Bayan azahar shirwar ta zo. Ta yi ta shawagi, ta sauko ƙasa-ƙasa har ina jin iskar fukafukinta. Uwar ta yi ƙara, 'yan tsakin suka lafe a cikin shanyar. Ni da na san inda suke ma na neme su na rasa. Shirwar ta kewaya sau huɗu, ta gaji ta nufi bakin ruwa.

Sati shida Raliya tana sabunta rinin, tana canja shanya. Ko sau ɗaya ba ta ambaci bindigata ba. Wannan ya fi komai ba ni kunya, ya kuma ƙara mata girma a idona.

Tsohuwar kazar ba ta kai damina ba. Biyu daga cikin 'ya'yan suka fito zakaru. Na ukun Raliya ta ɗauko wata safiya, ta jujjuya, ta buɗa fiffike, ta duba kai.

"Mace ce," ta ce.

Sai ta zauna a bakin murhu da ita a cinya, ta yi kukan da ba ta iya yi ba ranar da aka fita da Inna.