Rasitai a Ƙarƙashin Dutsen Guga

Saura kwana kaɗan a rufe karɓar bayanan haraji, Baba mai guga ya ji ana cike wa mutane takardun harajin kyauta a ɗakin karatun unguwa. Kunyar kai rasitansa a yamutse ta sa ya bi su da dutsen guga. Nan take siraran takardun suka yi baƙi ƙirin.

Ya je ɗakin karatun, ya zauna gaban matar da ke taimakon, ya miƙa mata rasitan. "'Yata, don Allah, ɗaure ni za a yi?"

Ta ɗaga ɗaya wajen hasken taga, ta duba. "Baba, akwai wanda ba ka goge ba?"

"Ni fa ban taɓa barin aiki rabi ba."