Jamfar Baba Shekwolo

A daminar 1985 aka ɗauko Baba Shekwolo daga Garatu a bayan wata akori-kura zuwa asibiti a Minna. A gona ya faɗi, yana tsakiyar kafa wa doya sanda. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da aka sallame shi, ɗansa Irimiya, wanda ke aikin direba a sakatariya, ya ce ba maganar komawa ƙauye yanzu, ya wuce da shi gidansa a Shango.

Gidan haya ne, ciki da falo, tsakar gida ɗaya da maƙwabta. Matar Irimiya, Rifkatu, ta kwashe kayan ɗinkinta daga falo ta shimfiɗa wa surukinta gado, keken kuma ta fitar da shi baranda. Tun kafin ta haifi 'yarta Mary take ɗinki a gida: kayan makaranta na yaran unguwa, rigunan jarirai, riga da zane na mata, wani lokaci wandon wani maigida da ya ɓarke. Ba ta da shago, ba ta kafa allo a ƙofa ba. Ƙarar keken ce ke nuna wa baƙo gidan.

Ƙafar Baba ta dawo a hankali, har yana iya takawa da sanda. Hannun dama ne ya ƙi, yana rataye kamar ba nasa ba. Kullum da safe, kafin Irimiya ya fita aiki, shi ke shiga ya sa wa mahaifinsa kaya. Ya ɗaga mataccen hannun ya tura cikin jamfa, ya zura masa wuyan ta ka, ya ɗaure masa zariyar wando. Ran da aiki ya kai Irimiya Kontagora ko Suleja ya kwana, sai Baba ya wuni a ɗaki lulluɓe da mayafi. Ba zai taɓa yarda matar ɗansa ta sa masa riga ba, ita ma ba za ta iya ko furta hakan ba.

Abin da ya fara damun Rifkatu shi ne kofin ruwa. Takan kai masa da safe, da azahar ta tarar da shi a cike. Ta ɗauka ruwan famfo ne bai yi masa daɗi ba, ta koma ɗebo masa na randa. Duk da haka ba ya sha. Sai daga baya ta gane: idan ya sha ruwa dole ya zaga, idan ya zaga dole ya kwance zariya, kuma hannu ɗaya ba ya mayar da ƙulli. Tsohon ya gwammace ƙishirwa har ɗansa ya dawo.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ɗauko wandonsa biyu daga wanki, ta zare zariyar, ta zura roba mai faɗi irin wadda take sa wa gajeren wandon 'yan makaranta, ta goge ta ajiye masa. Washegari kofin ya dawo babu ko ɗigo.

Saura riga.

A ɗakin da ke kallon nasu akwai Salamatu, Banufiya daga Bida, matar Ndanusa mai gyaran rediyo. Ba ta daɗe da haihuwar ɗa namiji ba, Jiya. Rifkatu na ɗinka wa jaririn 'yar riga mai buɗewa ta gefe, wadda ake rufewa da maɓallan dannawa don kada a wahalar da wuyan yaro, sai ta tsaya da fedal, ta ɗaga rigar tana juya ta.

Da yamma ta ce wa mijinta, “Baban Mary, ina so ka auno mini Baba.”

“Ga tsofaffin rigunansa, ki auna mana.”

“Ya rame. Kafaɗar dama ma ta sauka. Ka ɗauki tef ɗin nan, ni zan tsaya a bakin ƙofa in faɗa maka inda za ka sa.”

Haka aka yi. Tana bayan labule tana cewa daga kafaɗa zuwa kafaɗa, yanzu ƙirji, kada ka matse. Irimiya na karanto lamba ta bayan tef ɗin, sai da ta sa ya sake. Baba na zaune yana gunaguni da yaren Gbagyi, wai shi ba ango ba ne da za a dinga zagaya shi da igiya.

Farin yadi ta samu a kasuwa, mai laushi, irin wanda ta yi wa Jiya. Ta yanka riga mai faɗin hannu, gabanta ya hau kan juna ya rufe a gefen hagu. Da ta gama, ta ba Irimiya ya kai. Ya nuna wa mahaifinsa yadda zai fara zura hannun da ba ya motsi, ya jawo rigar ta baya, sannan ya sa mai lafiyar. Baba ya gwada, ya yi gumi, amma ya sa. Ranar ya fito baranda da kansa, karo na farko, ya zauna a benci yana kallon kaji.

Ba a jima ba Salamatu ta fito da goyo don ta gaishe shi. Ta durƙusa, ta kwance Jiya daga baya ta miƙo shi.

“Baba, ga jikanka ya zo gaisuwa.”

Baba ya dubi yaron. Farar riga, gaba ya hau kan juna, maɓallai a gefen hagu. Ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa. Ya sake duban yaron. Ya shafa kan yaron da hannun hagu, ya sa masa albarka, sannan ya dafa sanda ya miƙe ya koma ɗaki. Da Rifkatu ta kai masa tuwo, ta tarar da rigar a ninke a kan kujera, shi kuma ya koma cikin mayafinsa.

Ta fito ta zauna a gaban keke, ba ta taka ba.

Salamatu ta matso kusa da ita. “Maman Mary, ni na ɓata, ko? Da na sani da ban sa masa wannan rigar yau ba.”

“Ba ke ba ce. Ni ce na yi wa dattijo ɗinkin jariri. Hannun kawai na duba, na manta da mai hannun.”

“To ki tambaye shi abin da yake so mana.”

“Surukina? In zauna in yi zancen riga da shi?”

“Ai duk matar da ta kawo miki atamfa sai kin tambaye ta wane irin wuya take so. Shi kaɗai ne ba ki tambaya ba.”

Rifkatu ta yi kwanaki tana juya maganar. Kafin nan ta yi wani abu da bai taɓa zo mata a rai ba. Da rana, da gida ya yi shiru, ta shiga ɗaki ta soke hannunta na dama cikin zane, ta gwada sa rigar da hagu kawai. Nan ta ga maɓallan gefe suna gudun yatsa, sai mutum ya murɗa jiki kafin ya kai gare su. Ta ga ɗinkin hammata na kama gwiwar hannu. Ta ga babu inda za a ja idan rigar ta maƙale a baya. Ta fito tana haki, ta ƙara jin nauyin tsohon da ya sa rigar a haka bai yi ƙorafi ba.

Wata safiya da Irimiya ya yi tafiya, ta kai wa Baba kunu, maimakon ta ajiye ta fita, sai ta durƙusa daga bakin ƙofa.

“Baba, ka yi haƙuri da rigar nan. Ban yi don raini ba.”

Tun da ciwon ya same shi maganarsa ta yi nauyi, sai an kasa kunne.

“Na sani, 'yata.”

“Ina so in sake wata. Amma wannan karon kai za ka faɗa mini yadda za ta kasance.”

Ya ɗan gyara zama. “Kada ki yi fara. Na gaji da fari a asibiti.”

“To, Baba.”

“Irin ta maza. Idan mutum ya gan ni a hanya, ya ga Shekwolo, kada ya ga majinyaci.” Ya numfasa. “Da aljihu. Babba. A nan.” Ya buga cinyarsa ta hagu. “Duk rigunana aljihun a dama yake. Ko goro aka ba ni, ba ni da wurin sawa.”

Ta ce ta ji. Har ta yunƙura za ta tashi, ya ƙara da cewa, “Irimiya yana duba agogo idan yana sa mini riga. Bai san ina gani ba. Ba laifinsa ba ne, aiki ne. Amma ni na goya shi a kafaɗa zuwa gona.”

Rifkatu ta miƙe. Ta ɗauki kwanon jiya ta fita.

Ruwan ƙasa ta zaɓa, yadi mai ɗan kauri. Ta yanka shi jamfa sosai, tsawo har gwiwa, da tsaga a gefe kamar ta kowane magidanci. Buɗewar ta dawo da ita tsakiyar ƙirji, daga wuya har ƙasa, ta ɓoye manyan maɓallan dannawa a ƙarƙashin wani ninki. Ta saki hammatar dama, ta ɗinka ɗan madauki a cikin wuya ta baya inda yatsa zai kama ya ja. Aljihun hagu kuwa har ƙaramin buhu ya kusa zama. Sai dai layin ninkin ya fito fili, duk wanda ya duba zai san rigar tsagagga ce.

Salamatu ta karɓa ta duba. “Kawo. Babana aikin wuyan riga yake yi a Bida. Ba a koya wa mata, amma ni ke zura masa zare a allura da idonsa ya fara rauni. Hannuna ya ɗauki kaɗan.”

Kullum da hantsi, bayan an gama wanke-wanke, sai su zauna a baranda. Rifkatu na kan kayan makarantar da suka taru mata, Salamatu na gefe da allura da zare mai ruwan zuma, Jiya na barci a tabarma tsakaninsu. Aikin ya sauko daga wuya ya bi ninkin ta ɓangarorin biyu, har layin ya ɓace a cikin ado. Ba shi da kyan na gwanayen Bida, wani wurin ma ya ɗan karkace, Salamatu da kanta ta nuna tana dariya. Ndanusa da ya gani ya ce shi ma a yi masa, ko da hannuwansa biyu lafiya lau.

Ran Asabar da yamma Rifkatu ta goge jamfar da dutsen guga na gawayi, ta kai ta da kanta ta ajiye a bakin gado.

Da safiyar Lahadi Irimiya ya nufi falo kamar kullum, ya tarar an sa sakata. Ya ƙwanƙwasa.

“Baba, lafiya?”

“Jira.”

Ya juyo ya dubi matarsa. Ta yi masa alama ya zauna. Suna jin motsi a ciki, da nishi, da ƙarar sanda da ta faɗi. Irimiya ya miƙe, ta riƙe masa gefen riga. Can sai suka ji ɗas, ɗas, ɗas, maɓallai na shiga ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya buɗe ƙofa, hula a kai. Wuyan ya ɗan karkata, ya sa hannu ya daidaita shi. Ya dubi ɗansa.

“Kai ba ka shirya ba? Za mu makara coci.”

Da ƙafa suka tafi, a takun Baba. A hanya ya tsaya ya gaisa da mai shayi, ya tambayi wata mai tallan doya daga wace gona aka haƙo ta, ya ce an yi saurin cire ta.

Rifkatu ta ƙara ɗinka masa biyu, ɗaya shuɗiya, ɗaya ta kaki marar ado. Da kaka ta kama, Baba ya ce zai koma Garatu. Irimiya ya so ya hana, ya kawo zancen magani da zancen nisa. Baba ya saurare shi har ya gama, ya ce ƙanensa Gaiya na nan, matan gida na nan, kuma ba za a haƙa doyarsa yana Minna yana kallon kaji ba. Ran Asabar Irimiya ya kai shi tasha.

Sai da Kirsimeti suka je ƙauyen, da Mary da kayan miya da sabon zanen da Rifkatu ta ɗinka wa matar Gaiya. Ba su same shi a gida ba. Aka ce yana wajen rumbu tun safe. Can suka iske shi zaune a kan kututture cikin jamfar kakin, ta yi jawur da ƙasa, yana nuna wa masu jera doya wadda za a ware don iri da wadda za a kai kasuwa, yana faɗa idan an jefar da ita da ƙarfi. Da ya hango su ya ɗaga sanda.

Bayan an gaisa, ya kira Rifkatu da hannu. Ya nuna mata kafaɗar hagu, inda yadin ya sile har ya fara hujewa.

“Nan nake rataya jakar iri,” in ji shi. “Ta gaba ki ninka wurin biyu.”

Ta ce to. Ta aiki Mary ta karɓo allura da zare wurin matar Gaiya, Baba ya shiga bayan rumbu ya sauya riga ya miƙo mata wannan. Ta zauna a inuwar mangwaro ta fara yi mata faci, ana ta jera doya a gefenta.