Zakaran da Na Kai wa Inna

Ni ce 'yar farin Inna, shi ya sa tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ta kama dole ta kira ni, sai ta ce "ke waccan", tana kallon wani gefe. Kunyar ɗan fari ce, haka ta tashi ta ga ana yi a Kausani, ni ma ban taɓa riƙe ta da wannan ba. Amma fa kajinta kowace da sunanta, wata har da kirari.

Durgu ne kajin, masu gajerun ƙafafun nan da ke tafiya kamar a zaune. Asalinsu kaza ɗaya ce da mahaifiyarta ta sa mata a kwando ranar da aka kai ta ɗakin Baba, sama da shekara arba'in ke nan, kuma irin bai taɓa yankewa ba. Kaka ta rasu, Baba ya bi ta, ƙannena kowa ya kama gabansa. Kajin nan suka rage mata, da su take hira. Ta sha cewa muddin akwai durgu a tsakar gidanta, uwarta ba ta gama tafiya ba.

Wata Juma'a na ji Inna ta tashi daga zazzaɓi, sai na shiga kasuwar Wudil neman abin da zan riƙa mata. Na tarar da wani mutum riƙe da ƙaton jan zakara, ya karyar da shi kamar na sata. Araha ba ta ado, na sani, amma a ranar gani nake iya ciniki ne ya yi mini rana. Na ji zakaran yana ɗan atishawa, na ce wahalar hanya ce. Dama farfesu na nufa da shi.

Inna ta karɓa ba ta dube ni ba.

"An gode. Allah ya yi albarka."

"Inna, bari in sa a yanka, ki sha romo."

"Wa ya ce miki ina jin yunwa?"

Ta kwance igiyar ƙafarsa, ta sake shi cikin kajinta. Daga baya maƙwabciyarta Yelwa ta gaya mini duk wanda ya shigo gidan sai Inna ta nuna masa zakaran, ta ce, "Waccan ce ta kawo mini."

Bayan kwana biyar Yelwa ta buga mini waya.

"Ki zo, kajin Inna sai minshari suke yi da rana tsaka."

Na same su sun yi jugum a gindin katanga, fikafikai a saɓule, idanu sun kumbura, suna buɗe baki suna neman iska. Inna ta jiƙa ɓawon maɗaci da barkono da tafarnuwa, ta fasa ƙwayar ja-da-yalo a kaskon ruwansu. Tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana goge musu majina da gefen zaninta. Biyu sun riga sun tafi.

Na koma Wudil wajen Malam Nu'uman mai shagon maganin dabbobi. Ban gama bayani ba ya tambaya, "An kawo baƙuwar kaza gidan?"

Na sunkuyar da kai na gaya masa gaskiya.

"Hajiya, kazar kasuwa sai ta yi mako biyu a keɓe kafin a haɗa ta da na gida." Ya miƙo mini garin magani. "A dama a ruwan shansu kwana biyar. In mura ce za su tashi. In kuwa fakat ce, ba ta da magani, rigakafi gare ta, shi kuma kafin ciwo ake yi. A raba masu lafiya da marasa lafiya, kowa da kaskonsa, wadda ta mutu a binne ta. Zakaran nan kuma ya bar gidan yau."

Inna ta yi duk abin da aka ce. Ta dama magani, ta wanke kasake, ta ware ukun da ba su kamu ba. Maganar zakara ce kawai ta ƙi ji.

"Inna, shi fa ya kawo ciwon."

"Ke likita ce?"

Na kama shi na ɗaure a bayan gida. Kafin in idar da sallar la'asar ta kwance shi, ga shi can yana tsoma baki a kaskon masu lafiya. Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba, har yau kuma yana ci mini rai. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "A ɗaure shi kamar ɓarawo, masu shigowa su ce me?"

Sai a lokacin na gane. Korar zakaran nan daidai yake da shelanta wa unguwa cewa 'yarta ce ta kawo mata annoba, ita kuwa ba za ta iya ba.

Cikin mako guda suka ƙare. Ta ƙarshe ita ce tsohuwar da Inna ke kira Amarya, wadda ta fi kowace juriya. Da hantsi wuyanta ya murɗe, ta yi ta shure-shure a cinyar Inna har ta daina motsi. Shi kuwa ja'irin zakaran ya warke sarai, yana ta cara a kan rumbu. Inna ta ƙi in taya ta, da kanta ta haƙa ramin da 'yar fartanyarta. Ta daɗe a tsugune a wurin.

Da yamma matan unguwa suka shigo jaje, ina cikin madafa ina jin su. Yelwa, da ba ta iya ɓoye magana, ta ce, "Ni dai Inna, tun ranar da zakaran nan ya shigo..."

"A'a," Inna ta katse ta. "Amarya ce ta fara. Tun kafin ya zo take tari, ni na yi sakaci ban nemi magani ba."

Kowa a wurin ya san Amarya ce ta ƙarshen kamuwa. Ba wadda ta musa mata, suka ce Allah ya mayar da alheri, ta amsa da amin. Ni kuwa na toshe bakina da mayafi don kada ta ji kukana.