Gabas ɗin Baba Amos

Duk ƙauyen nan na bayan Ƙarfi an san Baba Amos ba ya ɓata hanya. Ko ka ɗaure masa ido ka juya shi sau bakwai, zai miƙa hannu ya ce maka can ne gabas, kuma can ɗin ne. In zai yi wa baƙo kwatance, sai ya fuskanci mafitar rana, ya tsuguna, ya ja kara a ƙasa. Abin da ke gabansa gabas ne, yamma tana bayansa, arewa a hagu, kudu a dama. Haka ya ga ubansa yana yi, haka ya tsufa yana yi.

Gandunsu dogo ne, ya miƙe daga yamma zuwa gabas. Yammacin fako ne, tsakuwa zalla, ko gyaɗa sai da lallashi. Gabashin kuwa baƙar ƙasa ce mai riƙe laima. Amma ba masara ce ta ɗaure Amos da gabas ba. A can ƙarshe akwai wata ɗorawa, kuma taku goma sha bakwai daga gindinta zuwa kudu, nan matarsa Salome take kwance shekara tara ke nan. Ba siminti, ba rubutu, 'yan duwatsu ne da gicciyen itace da gara ta ci. Ya bar wa kansa wuri a gefenta, har yaran coci sun san da haka.

To, sai ga Levi, ɗan ƙanensa marigayi. Amos ne ya riƙe shi tun yana rarrafe, da audugar gandun nan ya kai shi makaranta, har ya zama mutum a Funtua, mai mota da tumbi. Ya zo yana neman rabon ubansa. Amos bai ja ba, ai hakkinsa ne. Aka tsaya a kan al'adar gidan: ƙarami ya raba, babba ya zaɓa.

Levi ya kawo mai awon ƙasa, wani Adekunle haifaffen Funtua, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya kwana biyu yana zagaya gona da na'ura, ya koma ya dawo da taswira, gandun an tsaga shi biyu daidai. Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, Mai'unguwa Mati ya zauna shaida. Amos ya zauna kamar kullum, fuskarsa gabas.

Levi ne ya shimfiɗa takardar da hannunsa. Kai, ɗan nan ya san uban riƙonsa! Ya juya ta yadda rabin yamma ya koma can gaba, rabin gabas ya dawo kusa da gwiwar tsoho. 'Yar kibiyar da ke nuna arewa kuwa, ya ɗora wayarsa a kanta.

Adekunle ya gani. Ya miƙa hannu ya ce, "Oga, bari in daidaita ta tukuna, saboda Baba ya..."

Levi ya danne gefen takardar da tafin hannu. "An biya ka awo, ka yi awo. Wannan maganar gida ce."

Adekunle ya janye hannunsa, ya koma kallon takalminsa. Allah wadai da irin wannan shirun.

Levi ya tausasa murya. "Baba, ga gandu nan a gabanka. Kai ne babba, zaɓi wanda ranka yake so."

Amos bai taɓa karatu ba, idon ma ya fara hazo. Amma zane a ƙasa ai ba baƙonsa ba ne. A ganinsa duk zanen da aka kwantar a gaban mutum, yadda ƙasa take kwance haka yake kwance. Ya tsallake rabin da ke kusa da shi, ya aza yatsa a na gaba.

"Wannan, wajen uwarka Salome. Ka yi haƙuri ɗana, na san na bar ka da tsakuwa."

"Ba komai Baba," in ji Levi, har da sunkuyar da kai.

Aka dangwala masa tawada, ya dangwala a inda ya nuna. Mai'unguwa ya sa hannu, shi ma bai ga komai ba sai layuka. A ranar, tsohon nan har zabuwa ya sa aka yanka musu, don tausayin ya ƙwari maraya.

Bayan sati biyu ya saɓa fartanya zai je ya share kabari kafin ruwa ya sauka. Ya tarar da turakun siminti a tsakiyar gandu da waya mai ƙaya, magina suna ja. Ya ce su buɗe masa, nan gefensa ne. Suka ce shi dai, gefensa yana bayansa.

Da yamma Levi ya zo, ya buɗe taswirar a kan mota, wannan karon a miƙe. "Baba, ga kibiya, nan arewa. Ga gabas a dama. Ga yatsanka a hagu. Wa ya kama hannunka?"

"Amma gabana na nuna! Gabas nake kallo!"

"Kai kake kallon gabas. Takarda ba ta san inda ka zauna ba."

Amos ya je wurin Mai'unguwa, Mai'unguwa ya ce shi abin da ya shaida yatsa ne. Ya shiga mota har Funtua ya samu Adekunle, shi kuwa ya rantse zanensa daidai yake, ko taku ɗaya bai ci ba. Gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan.

Tsoho ya dawo ya durƙusa wa yaron da ya goya. "Riƙe gonar, na yafe. Ka bar mini taku ashirin a gindin ɗorawa kawai. Wadda ke kwance a wurin ita ta yi maka wanka, Levi."

Levi ya sake warware takardar ya kai ta dab da idonsa. "Duba da kyau, Baba. Ka ga kabari a nan? Ni abin da ke cikin taswira na sani. Na riga na ba masu waken suya haya, su kuma ba sa son inuwa."

Ranar Litinin aka kawo injin yankan itace. Ɗorawar ta faɗi kafin azahar, aka tone kututturen aka ƙone. Ranar Laraba tarakta ta shiga, ta bi gonar tun daga waya har iyaka, ta kwashe duwatsu da gicciye da gambar da ke kan iyaka, ta bar kunyoyi a jere, kowace kamar 'yar'uwarta.

Da aka tashi coci ranar Lahadi, Amos ya tafi ya tsaya a jikin waya. Ya fuskanci gabas, wannan kam ba mai ƙwace masa ita. Ya ɗaga yatsa zai ƙirga taku goma sha bakwai da ido, sai ya rasa daga inda zai fara. Ya gwada daga can, ya gwada daga nan. Ya bar yatsan a iska.

Wata mata da ta ɗauko itace ta tsaya ta ce, "Baba, wai a ina ne take?"

Mutumin da bai taɓa ɓata hanya ba ya daɗe yana kallon kunyoyin, sannan ya sauke hannunsa.

"Ban sani ba," ya ce.