Sannu da Aiki a Dutsen Longji

Baba ya sauka ƙasar Sin da takardar sayar da gonar tudu a aljihunsa, saura sa hannu kawai. Gonar gado ce a bayan ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa, amma duk damina sai ruwa ya kwashe ƙasarta ya zuba a kwari, har tsakuwa ta fito fili. Wani mai buga bulo ya daɗe yana zawarcinta. Ni kuwa a gindin ɗorawar gonar nan na koyi tafiya, shi ya sa maganar take ci mini tuwo a ƙwarya. To amma wa ya isa ya ja da Baba, Malam Muntaka?

Bikin kammala karatuna ne ya kawo shi. Na ce kafin ya koma sai ya ba idonsa abinci.

A Shanghai ya ɗaga kai yana kallon benaye har hularsa ta faɗi. A jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya ajiye kofin shayi a bakin taga, ya zuba masa ido yana jiran ya zube. "Ikon Allah! Da motar Tsanyawa ce, da tuni ya ƙare a cinyata." A Xi'an muka yi sallah a wani tsohon masallaci mai rufin katako. Wani dattijo mai farar hula ya yi masa sallama, Baba ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, idonsa ya kawo ruwa. Komai ya burge shi, amma irin ta baƙo, ya yaba ya wuce.

Sai da muka je Longji. Dutse ne aka yanka hawa-hawa tun daga gindi har ƙoli, kowane hawa gonar shinkafa ce cike da ruwa, ga sararin sama kwance a ciki. Ni da na sha ganin hotonsa ma sai da na tsaya ina kallo. Masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto daga dandamalin katako. Na juya in ɗauki Baba, babu Baba.

Can ƙasa na hango shi, ya naɗe wando, takalmi a hannu. Wata tsohuwa ya gani tana aiki ita kaɗai, a wurinmu kuwa ba a wuce mai noma ba a gaishe shi ba. Na bi shi ina haki, haushi kamar ya kashe ni.

"Baba, don Allah, nan fa wurin kallo ne!"

"A wurinki ba. Ni gona na gani."

Tuni ya ce mata sannu da aiki da Hausa tsantsa, ya karɓe fartanyar hannunta. Ita kuwa dariya take yi, tana nuna masa yadda ake ɗebo laka a liƙe inda bangon gonar ya ɓalle, a danne da diddige, a bar 'yar kafa don ruwa ya gangara hawa na ƙasa.

"Tahira, tambaye ta, su ruwa ba ya kwashe musu ƙasa?"

Na tambaya. Ta ce yana kwashewa mana, su kuma suna mayarwa, tun zamanin kakannin kakanninta. Ta ce ba a faɗa da ruwa, a hankali ake sauko da shi.

Baba ya daɗe yana kallon gangaren.

"Gonar tudu ta kai rabin wannan tsayin?"

"Ko kusa, Baba."

"Ashe ba ƙasar ce ta gaza ba."

Daga nan muka koma mota, Baba laka har gwiwa.

Da na dawo gida damina ta kankama. A gonar tudu na same shi. Ya jera duwatsu layi uku a gicciye da gangaren, karkatattu, ko kusa ba su kama ƙafar na Longji ba. 'Yan gari har sun sa masa suna Malam Ɗan Sin.

"Baba, takardar fa?"

"Innarki ta ƙunshe daddawa da ita."

An yi ruwa da safe. Ya ja ni bayan layin farko, ya durƙusa. Ƙasa ce baƙa mai laushi ta taru a wurin, kaurinta bai fi yatsa uku ba. Ya ɗebo ya zuba mini a tafin hannu, ya rufe da nasa.

"Riƙe da kyau," ya ce. "Wannan bana ba ta je kwari ba."