Madarar Ruga a Gangara

Badamasi irin mutanen nan ne da ba a koya musu tuƙi. Tun yana acaɓa, in ya zo gangara sai ya kashe babur ya sake shi, kar a ƙona mai a banza. Da fetur ya gagara ya koma keke mai caji, halin yana nan. Mai shagon da ya sayar masa ya ce ya riƙa barin keken a kunne a gangara yana danne birki, injin zai riƙe taya, batir kuma ya samu caji. Badamasi ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi birkin da ya sani ba ya ba kowa komai.

Aikinsa ɗaukar madarar matan wata ruga kusa da Tarai zuwa inda ake sayenta a Rano. Caji ya taɓa ƙare masa a hanya, madara ta tsinke a rana, aka ƙi karɓa. Maijidda, shugabar matan, ta gaya masa ba da faɗa ba cewa in aka kuma, wani za su ba aikin.

Wata rana, wutar lantarki ba ta zauna ba balle batir ya cika. Yana kai ƙarshen tudu alamar caji ta koma ja. Gabansa doguwar gangara ce, bayanta miƙaƙƙiyar hanyar da in aka tura jarkoki a kanta cikin ranar nan, sai dai a kai tsami. Hannunsa ya tafi kan makunni da kansa, ya janye shi. Tsoro ya ji sosai.

Ya danne birki a hankali. Keken ya ɗau gurnani, nauyin madara na tura shi, injin na riƙewa. Wani mai babur ya wuce yana tsiya: "Malam Badamasi, ƙwai ka ɗauko ne?" Kafin gangarar ta ƙare jan ya ɗauke, kore ya leƙo.

Da ɗan wannan ya lallaɓa har bakin ƙofar wurin sayen madarar, nan keken ya mutu.

Mas'uda, mai karɓar madara, ta buɗe jarka ta shinshina, ta zuba kaɗan a kofi ta karkaɗa.

"Lafiyarta ƙalau. A shigo da ita duka."

Daɗi ya kama shi. Mutumin da kullum yake kukan ciwon baya, sai ga shi ya sungumi jarka biyu lokaci guda.