Jirgin da Ke Hannun Dama

Tun da Baba ya tashi daga ciwon da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, kullum cikin gwada kansa yake. Wata rana muna falo ya ce, "Kun tuna tsohon jirgin saman nan mai farfela, da muke wucewa in za mu gidan Kaka? Yana hannun dama, an haye gada kaɗan."

"Hagu dai, Baba," in ji Yaya.

Ni ma da rawar kaina na ce hagu ne, har da rantsuwa. Jirgin da nake ɗaga wa hannu tun ban iya ɗaura takalmi ba, ai ba zan manta ba.

Baba ya dubi tafin hannunsa. "To, shi ma ya fita daga kaina ke nan," ya faɗa a hankali. Daga ranar ya daina ba mu labarin da. Ko tabarau aka tambaye shi, sai ya ce a tambayi masu kai.

Abin ya tsaya mini a rai. Ranar Asabar na matsa wa Yaya ya fito da mota, Baba a gaba, ni da Mama a baya. Muna haye gada muka zuba ido hagu. Shagon faci ne kawai da tulin tayoyi.

"An sayar wa 'yan gwangwan," in ji Yaya.

"Tsaya," Baba ya ce. Shi dama yake kallo.

Ga shi can bayan bishiyoyi, cikin wani shinge, fenti ya kwaile, tsuntsaye sun yi sheƙa a hancinsa.

Mama ta tuntsire da dariya. "Kai, shashashai! A bayan akori-kurar babanku fa kuke zama, kun jingina da kan mota kuna kallon inda muka baro. Damarsa ai hagunku ce!"

Yaya ya kifa goshi a sitiyari. Ni kuwa na kamo kafaɗar Baba ta bayan kujera, hawaye na zuba, ina ta godiya ga Allah da ba a ɗauke tarkacen ƙarfen nan ba.

"Auta, sake ni," in ji Baba. "Ku fito, masu kai. A gindin fiffiken can na taɓa canza taya, uwarku tana ta faɗa. Bari ku ji yadda aka yi."